Maganin da Ya Tsallake Dakta Khan

A ƙarshen watan Yulin 2014, Dakta Sheik Umar Khan yana kwance a cibiyar jinyar masu Ebola ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a garin Kailahun, gabashin Saliyo. Shi ne shugaban sashen yaƙi da zazzaɓin Lassa a asibitin gwamnati na Kenema, kuma ya kula da masu Ebola sama da 100 kafin cutar ta kama shi. A wurin akwai 'yan kwalaben wani sabon magani mai suna ZMapp, wanda aka gwada a jikin birai amma ba a taɓa ba ɗan Adam ba. Likitocin da ke kula da shi suka yi ta kai-komo, daga bisani suka yanke shawarar kada a ba shi, ba kuma tare da an tambaye shi ba. Ya rasu ranar 29 ga Yuli yana da shekara 39. Cikin 'yan kwanaki aka kai maganin Laberiya, aka ba wasu Amurkawa biyu ma'aikatan agaji, Kent Brantly da Nancy Writebol, sannan aka ɗauke su a jirgi na musamman zuwa asibitin Jami'ar Emory da ke Atlanta. Dukansu sun warke.

Wanda ya ji labarin zai yi saurin cewa wariyar launin fata ce, amma lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Likitocin Kailahun suna da hujja. Da maganin ya kashe shi, da an ce Turawa sun mayar da gwarzon likitan ƙasar zakaran gwajin dafi, a lokacin da mutanen ƙauyuka ke jifan motocin jinya suna ɓoye marasa lafiyarsu. Tsoron kuwa bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara yayin annobar sanƙarau, gwajin da ya haɗa yara kusan 200, 11 daga ciki suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Ƙari kan haka, gwajin da aka yi wa ZMapp daga baya bai tabbatar da amfaninsa ba ƙarara, don haka babu mai iya rantsuwa cewa da an ba Khan da ya tashi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali yana cikin alƙaluma. A Gini da Laberiya da Saliyo, mutum kusan 28,600 suka kamu, sama da 11,300 suka mutu, wato kusan huɗu cikin kowane goma. Masu Ebola 27 aka yi jinyarsu a Amurka da Turai, biyar ne kawai suka rasu. Ƙwayar cutar ɗaya ce, jinin ɗan Adam ɗaya ne. Bambancin shi ne ƙarin ruwa ta jijiya a kan kari, da gwajin jini kullum don a san gishirin da jiki ya zubar ta amai da gudawa, da na'urar wankin ƙoda, da ma'aikatan jinya da yawa a kan gado ɗaya. Laberiya kuwa ta shiga annobar da likitoci kusan 50 kacal ga mutum sama da miliyan huɗu. A can, mai jinya sanye da rigar roba cikin zafin tanti ba ya iya wuce sa'a guda kafin zufa ta cika masa takalma, ga kuma gadaje da dama suna jiransa.

Labarin rigakafin ma haka yake. An gano Ebola tun 1976 a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin. Masana a Kanada sun haɗa allurar rigakafinta, kuma tun 2005 aka wallafa cewa tana kare birai. Sai ta zauna kusan shekara goma ba a gwada ta a jikin mutane ba, saboda waɗanda cutar ke kashewa talakawan ƙauyuka ne da ba su da kuɗin saye, gwamnatocinsu kuma ba su da nauyin da zai sa kamfani ya motsa. Da cutar ta fara barazanar tsallaka teku, cikin watanni aka fara gwaji, a 2015 aka ga tana aiki a Gini, a 2019 aka ba ta lasisi. A ganina nan ne gaskiyar lamarin take. Wurin haihuwa ba ya ƙara wa mutum daraja ko rage masa, amma shi ke yanke yawan kuɗi da hanzarin da duniya za ta sa don ceton ransa. Masanin tattalin arziki Branko Milanovic ya nuna cewa ƙasar da mutum yake zaune ita kaɗai tana bayyana fiye da rabin bambancin samun kuɗi tsakanin mutanen duniya, kuma yawancin mutane a ƙasar da aka haife su suke mutuwa.

Za a ce ai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, kowace gwamnati 'yan ƙasarta ne amanarta ta farko. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai zargi Amurka don ta aika jirgi ɗaukar 'ya'yanta. Sai dai hujjar tana bayyana dalilin ɗaukar Brantly ne kawai, ba ta wanke watannin da aka yi ana kallo ba. Cutar ta ɓulla a ƙauyen Meliandou na Gini a Disambar 2013, an tabbatar da ita a Maris, MSF ta yi ta kururuwa cewa abin ya fi ƙarfinta, amma sai 8 ga Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, kwanaki kaɗan bayan Amurkawan biyu sun sauka Atlanta.

Za a kuma ce laifin shugabannin Afirka ne, kuma wannan zargin yana da nauyi. A 2001 sun taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, ƙalilan ne suka cika, su kansu kuma London da Paris suke zuwa ganin likita. Amma wannan ƙarfafa maganar yake yi, don jaririn da aka haifa a Kenema bai zaɓi shugabansa ba kamar yadda bai zaɓi ƙasarsa ba. Ba kuma ƙarancin gwaninta ba ne. Lokacin da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar ranar 20 ga Yulin 2014, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ce ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, aka bi sawun ɗaruruwan mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar, annobar ta tsaya a kan mutum 20. Takwas suka rasu, har da ita kanta, ranar 19 ga Agusta, a Legas, kwana biyu kafin a sallami Brantly daga Emory.