Cinikin Kante da Cinikin Kwamfuta

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

 Yau ba mu yi baƙo ba, hirar tsakanina da ku ce. Za mu fara ta daga gidan kallon ƙwallo, mu ƙare ta a kasuwar kwamfuta. Wanda yake mamakin me ya haɗa kifi da kaska, ya gyara zama.

[Hayaniyar gidan kallo da ƙugin janareta]

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan kallo a Kano, ko Kaduna, ko Maraɗi, ya san wannan sautin. Rumfar kwano, labule a ƙofa, talabijin biyu ko uku a jere, janareta na ruri a baya, yaro na bi layi-layi yana karɓar kuɗin shiga. Asabar da Lahadi na Firimiyar Ingila ne. Talata da Laraba, ƙarfe takwas ko tara na dare, na gasar Zakarun Turai ne. Alƙalin wasa na hura tashi, sai a kwashe a koma teburin mai shayi, inda ake buga wasa na biyu, wanda ba shi da alƙali ba shi da minti casa'in, wato musu.

Wannan ya rantse satar gida ce, wancan ya ce na'urar VAR ce ta cuce su. Tun 2019 aka kawo ta Firimiya don ta raba gardama, amma har yau ba ta kashe musu ko ɗaya ba a teburin mai shayi. Ɗan Arsenal ya jawo kakar 2003 zuwa 2004, da suka gama gasa ba wanda ya doke su. Ɗan Chelsea ya ɗaga yatsu biyu, 2012 da 2021, kofunansu na Zakarun Turai ke nan. Ɗan Real Madrid ya kurɓi shayinsa, ya tuna musu cewa su a 2024 suka ɗauki na 15. Can gefe kuma wani dattijo, wanda ya fi sanin ƙofar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata fiye da ƙofar gidan kallo, ya ce Sai Masu Gida, ya lissafo kofunan Kano Pillars: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere.

Idan ka cire ihun da tsokanar, za ka tarar mutanen nan sun iya ciniki. A ambaci ɗan wasan da wata ƙungiya ke zawarci, nan take za a faɗa maka shekarunsa, da sau nawa ya ji rauni, da lambar da yake bugawa, da ko kuɗin da aka sa masa ya yi yawa. Amma wannan masanin, ranar da ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, sai ya shiga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, da tambaya biyu rak a bakinsa: ta wane kamfani ce, kuma nawa? Duk ilimin nan ya baro shi a teburin mai shayi.

To bari mu koma mu ɗauko shi.

[Gajeren kiɗa]

Kun tuna Leicester City a kakar 2015 zuwa 2016. Ƙungiyar da ta sha da ƙyar a kakar da ta gabata, ta ƙare ta 14, ita ce ta ɗauki kofin Firimiya a hannun koci Claudio Ranieri, da maki 81. Sau uku kacal aka doke ta, biyu daga ciki Arsenal ce ta yi, kuma na san 'yan Arsenal ba za su yafe mini ba idan na tsallake wannan. Da me ta yi wannan aiki? Jamie Vardy, wanda ya ci ƙwallo 24, daga Fleetwood Town aka ɗauko shi a 2012 a kan fam miliyan ɗaya, ƙungiyar da a lokacin ko sunanta ba a ji a gidajen kallonmu. Riyad Mahrez, ɗan Aljeriya, daga Le Havre ta Faransa ya zo a 2014, kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba. N'Golo Kante kuwa daga Caen aka saye shi a 2015, a kan abin da bai kai fam miliyan shida ba. Shekara guda kafin nan, Manchester United ta zuba kusan fam miliyan 60 a kan Angel Di Maria, ya yi kaka ɗaya ya tattara ya tafi Paris.

Masu nemo wa Leicester 'yan wasa sun san gurbin da suke son cikewa, sun kuma san aikin da suke so a yi musu a wannan gurbi. Shi ya sa suka ga Kante tun duniya ba ta gan shi ba. Mai ƙaramin aljihu da ke neman laftof, wannan ita ce hanyarsa.

Saboda haka, kafin ka taka kasuwa, ka tambayi kanka wace lamba kwamfutar za ta buga maka. Ɗalibar da za ta rubuta furojet, da yaron da ke koyon danna kwamfuta saboda jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, da mai shagon da ke lissafin kaya, da mai son kallon wasa a ɗakinsa, duk waɗannan matsakaiciyar kwamfuta ta ishe su. Wanda kuwa burinsa ya buga wasan EA Sports FC, wanda a da ake kira FIFA, ko ya riƙa haɗa bidiyo mai nauyi, shi sai mai katin hoto na musamman, kuma wannan ba ta araha. Kada mai shago ya lallaɓe ka da cewa za ta ɗauka. Wanda ya sa gola a lamba tara, kada ya yi kuka in ba a ci ƙwallo ba.

Sai shekaru. Mu masu kallon ƙwallo mun san akwai shekarun haihuwa, akwai kuma shekarun ƙwallo. Kwamfuta ma haka take. Za a nuna maka takardar da aka manna a jikinta, a ce ai Core i7 ce, kai kuma ka ji bakwai ta fi biyar. Ka ce a buɗe maka bayanan na'urar, ka dubi lambar da ke biye da wannan suna. In ka ga i7-3520M, ukun nan da ke farko tana nufin zubi na uku, ƙirar 2012. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, ƙirar 2017, mai ƙwaƙwalwar aiki huɗu, alhali waccan biyu gare ta. Wato wannan biyar ɗin ta fi waccan bakwai ɗin gudu nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani dalilin. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa. In dai da hali, kada ka sauka ƙasa da nan.

Abu biyu ne kuma ke sa kwamfuta ta yi sauri ko ta riƙa jan ƙafa kamar ɗan wasan da ya dawo daga jinya. Na farko RAM, wato faɗin teburin da take baza aikinta a kai. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau, kana buɗe shafuka biyar-shida a intanet za ta fara nishi. Ka nemi 8, ka kuma tambaya ko akwai gurbin ƙari nan gaba. Na biyu ma'ajiya. Akwai tsohon faifai mai juyawa da ake kira HDD, akwai SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. SSD mai gigabait 256 ya fi maka HDD mai 500 ko ma 1,000, domin da shi kwamfuta kan tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma ya fi jure girgizar hanya in kana yawo da ita a Keke Napep.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko. Ga sabuwa dal a kwali, siririya, tana sheƙi, farashinta ya yi daidai da na ta hannu. Ka duba cikinta. Sau da yawa ƙaramin inji ne irin Celeron, da RAM 4 da aka liƙe ba ya ƙaruwa, da ma'ajiya mai gigabait 64 wadda Windows kaɗai za ta cinye kaso mai yawa a ciki. Kyan ɗan maciji ke nan. A gefenta kuma ga tokumbo, irin su Lenovo ThinkPad, da Dell Latitude, da HP EliteBook, da 'yan ƙuraje a murfi. Waɗannan don ma'aikatu aka ƙera su. Kamfanoni a Turai da Amurka kan yi aiki da su 'yan shekaru, su sauya, su kuma su biyo jirgi zuwa kasuwanninmu. Jikinsu na da ƙwari, kayan gyaransu na samuwa, masu gyara sun san su ciki da bai. Da tsohuwar zuma ake magani.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na musamman, muna kan batun yadda mai son ƙwallo zai sayi kwamfuta daidai aljihunsa.

Babu ƙungiyar da ke sa hannu da ɗan wasa ba a yi masa gwajin lafiya ba, kuma an sha fasa ciniki a ɗakin likita bayan an gama maganar kuɗi. Kai ma ka nemi kujera a shagon, ka zauna. Ka ce a zare caja, ka kunna bidiyo na minti ashirin, ka ga kashi nawa batirin ya sauka. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, batir shi ne rabin kwamfuta. Windows na iya fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, ka sa wanda ya iya ya fitar maka. Ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe farin shafi ka dubi allon, ko akwai ɗigo ko layi. Ka buɗe murfin ka rufe, ka ji ko maƙalarsa ta saki. Ka gwada kyamara da lasifika da duk ramukan USB, da na HDMI, wanda da shi za ka jona ta da talabijin ran da abokai suka cika maka ɗaki. Ka kara hannu a gefen da iska ke fita, ka saurari fanka. Wadda ke ƙara tana ɗaukar zafi tun tana zaune a shago, ka yi tunanin halin da za ta shiga a zafin Afrilu.

Bayan lafiya sai takardu. Ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri ta can ciki ba, wadda ake tambaya tun kafin Windows ta tashi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin kwamfutar, a kuma rubuta maka kwanakin gwajin da aka ba ka. Wanda ya tare ka a bakin titi da laftof a leda da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka ba shi haƙuri. Kayan sata araharsu a ofishin 'yan sanda take ƙarewa. In ba ka san kan abin ba, ka ɗauki wanda ya sani ku tafi tare, kuɗin motarsa da lemonsa ba su kai asarar da zai tsare maka ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

In Allah ya sa ka kawo ta gida, kada ka ɗora ta a kan katifa kana kallo, ramukan iskarta a ƙasa suke. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, a riƙa kai ta ana hure ta. Cajar jabu kuma, haɗe da wutar janareta mai hawa da sauka, ta kashe kwamfutoci ba adadi.

Saura maganar kallon kansa. Wasa ɗaya, da hutun rabin lokaci da ƙarin lokaci, kusan awa biyu ne, kuma in hoton mai kyau kake so, yana iya lashe maka data gigabait biyu ko fiye. Ka lissafa wasa nawa kake kallo a mako, za ka ga kuɗin shiga gidan kallo sadaka ne. Shafukan nan na kyauta da ke satar wasanni kuwa, tallace-tallacen da ke faɗowa a cikinsu kan shigo da bairos da zai lalata maka furojet ɗin da ka yi wata uku kana rubutawa. Ga kuma jinkiri. Kai kana kallon ana shirin bugun kwana, sai ka ji unguwa ta ɗauki ihu daga gidan kallo, an riga an ci, kai sai dai ka zauna jiran ganin ta wa.

Shi ya sa nake ganin laftof ba za ta kashe gidan kallo ba. Ka saye ta don karatunka da sana'arka, ka kalli maimaicin ƙwallaye a kanta da safe, har ka sake ganin biyun nan da namu Ahmed Musa ya zura wa Iceland a 2018 sau nawa ka ga dama. Amma ranar babban wasa, benci na nan yana jiranka, mai shayi ya hura wuta, kuma wanda kuka yi musu da shi makon jiya bai manta ba. In ya tambaye ka wace iri ka saya, kada ka tsaya a sunan kamfani. Ka faɗa masa zubinta, da RAM ɗinta, da awa nawa batirinta ke kaiwa, yadda kake zayyano tarihin Kante. Sai mu ji ko yana da ta cewa.

[Kiɗan rufe shiri ya fara shigowa]

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka aka haɗa shi, nake cewa Allah ya sa albarka a abin da za a saya, ya ba ƙungiyar kowa sa'a, ban da ranar da za ta haɗu da tawa. Mu kwana lafiya.