Haske da Tsari a Hoton Fuska

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya fito da wannan labari ba tare da ya rage wa mai fuskar kwarjini ba. Abubuwa biyu ne ke taimakonsa, wato haske da tsari.

Hasken tsakar rana ba ya yi wa fuska adalci, domin daga bisa yake saukowa, sai idanu su faɗa cikin duhu, balle ga mai rawani ko malafa. Abin da ya fi shi ne hasken hantsi ko na la'asar, ko kuwa a zaunar da mutum a inuwa dab da ƙofa ko taga. Idan haske ya zo daga gefe guda, kuma ya ɗan ɗara kai tsayi, inuwar hanci takan sadu da ta kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido. Ana kiran wannan salo da sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan wanda ya rasu a 1669.

Akwai wata matsala da ta shafi baƙar fata da farar riga. Ma'aunin hasken kyamara yakan bi farin rigar ya rage haske, sai fuska ta dushe. Maganin wannan shi ne a auna haske a kan fuskar kanta, sa'an nan a riƙe farin ƙyalle ta ɓangaren inuwa don ya mayar mata da haske.

Ta wajen tsari kuwa, ido shi ne jigo. A daidaita kyamara da tsayin idon mutum, a sa idanun wajen sulusin hoto daga sama, a ɗan karkata kafaɗa, a kuma lura kada itace ko turke ya tsiro daga kansa.

Saidu Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, misali ne mai kyau. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, kuma zanen gadonsa ne labulensa na farko. Saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yakan ɗauki mutum, don haka sai ya gyara masa zama da hannu da faɗuwar tufa kafin ya danna. Ya rasu a 2001, amma mutanen da ya ɗauka suna nan da kamalarsu.

Dalilin duk wannan kulawa shi ne hoto yakan fi mai shi tsawon rai. Sau da yawa shi kaɗai jikoki za su gani su san kakansu.