Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Wace Bishiya Ta Dace Da Gidajen Tudun Wada?

A ƙasashen da ake yin sanyi mai tsanani, kamar Ingila da Japan, masu ƙananan gidaje sun daɗe da gano cewa ƙarancin fili ba hujja ba ce ta zama babu bishiya. Akwai wata 'yar itaciya da suke ji da ita, dangin magnoliya, wadda aka raɗa wa suna don tunawa da wani masanin tsirrai Bafaranshe, Pierre Magnol. Asalinta daga Japan ne, tsayinta bai cika wuce mita 3 ba, kuma a watannin Maris da Afrilu takan cika da fararen furanni tun kafin ganye ya fito.

To, amma mai karatu kada ya ɓata kuɗinsa neman irinta. Sai ta sha sanyin hunturun ƙasashensu kafin ta yi fure, ga son ƙasa mai danshi. Zafin bazarar Zariya da iskar hunturunmu mai busar da komai ba za su bar ta ta kai labari ba. Abin ɗauka a nan shi ne hikimar masu ita: a auna fili kafin a zaɓi bishiya.

Wannan hikima ce ta yi ƙaranci a Tudun Wada. Gidaje sun cushe, an mayar da tsakar gida ɗakunan haya, saura an shafe da siminti. Wanda ya yi niyyar shuka kuwa, sai ya dasa darbejiya ko mangwaro a gindin katanga. Bayan 'yan shekaru saiwa ta tsaga gini, rassa su hau kwanon maƙwabci, rigima ta tashi, a ƙarshe gatari ya raba gardama. Gida ya koma fayau, rana na dukan yara da tsofaffi.

Alhali muna da namu ƙananan itatuwan. Lalle yana jure fari, furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma ado ne ga mata. Rumman ba ya cin wuri, ga jan fure ga 'ya'ya. Zogale kuwa, idan ana datse kansa, sai ya yi rassa ya wadata gida da ganye.

Dashen ma ba wuya. A jira damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, nesa da bango da masai da aƙalla mita 2, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A kewaye shi saboda awaki, a riƙa lura da gara, da rani kuma ruwan alwala kaɗai ya ishe shi.

Abin takaici, ilmin na nan kusa da mu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar 'yan mintoci daga Tudun Wada. Ya kamata masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa su nemi shawarar masananta, su samo dashe mai inganci tun kafin ruwa ya sauka. Kowane magidanci ya dasa ko da guda ɗaya ce, daidai girman gidansa. Allah Ya ba mu ikon yi.