Haƙori Ne Ko Ciwo? Tace Gaskiya Daga Zantukan Raino

A gidajenmu babu abin da ake ɗora wa laifi kamar haƙori. Yaro ya yi zawo, a ce haƙori ne. Jikinsa ya yi zafi zau, a ce haƙori ne. Har jijjiga in ta kama shi, sai ka ji an ce na sama ne ke son fitowa. Maganar ta daɗe ana yin ta ne saboda akwai gaskiya a cikinta, kuma irin waɗannan zantuka masu rabin gaskiya su ne suka fi zaunar da uwa a gida ranar da ya kamata a ce tana asibiti.

Ga iyakar gaskiyar. Haƙorin farko kan fito wajen wata shida, wani yaron kafin nan, wani sai ya kusa shekara. Dasashi na ƙaiƙayi, yaro na dalalar da yawu, yana cizon duk abin da hannunsa ya kai, ga rigima da ƙarancin barci. Jiki kan ɗan yi ɗumi. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38, da zawo, da amai, da jijjiga, ba aikin haƙori ba ne. Dalilin da ya sa ake ganinsu tare kuwa a fili yake. Garkuwar da jariri ya samo daga uwarsa tun yana ciki tana raguwa daidai wannan lokaci. Lokacin ne kuma ake ajiye shi a ƙasa, yana jan ciki, yana kai komai baki, ana fara ba shi kunu da ruwa. Haƙora ashirin na yarinta ba sa gama fitowa sai yaro ya doshi shekara uku, saboda haka kusan duk ciwon da ya zo zai tarar da wani haƙori a hanya. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke iya kwantar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, jiran haƙori ya fito kasada ce da rai.

Maganin haƙorin da ake saya a kemis ma ba abin sakewa da shi ba ne. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, aƙalla yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su My Pikin, wanda aka gano yana ɗauke da wani sinadari mai lalata ƙoda, har hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin da ya haɗa shi. Yatsa mai tsabta a shafa dasashi ya isa.

Maɗiga kuwa, kakanninmu sun yi daidai da suka mai da hankali a kanta. Idan ta faɗa, lallai akwai matsala. Inda aka kauce shi ne ɗaukar ta a matsayin ciwon, har a kwaɓa magani a liƙa a ka. Maɗigar da ta faɗa tana shaida cewa ruwan jikin yaro ya ƙare, galibi ta zawo ko amai. Abin da zai ɗago ta ta baki yake shiga: nono a kai a kai, ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In yaron ya kasa sha ko ya yi laushi, sai asibiti. In kuma ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau, ba a kwana da shi a gida. Bugawar da take yi ba komai ba ce, kuma takan rufe da kanta wajen wata 18.

Beli ba ya hana shan nono, kowa da nasa aka halicce shi, kuma cire shi na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Dakashi ba gurɓataccen nono ba ne, shi ne rigakafin farko. Jaririn da bai kai wata shida ba ba ya buƙatar ruwa ko da a zafin Afrilu, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne.

Maganar da ta fi damuna ita ce “kowane yaro da lokacinsa”, domin da kyakkyawar niyya ake faɗin ta, don a kwantar wa uwa da hankali. Kuma tana da tushe. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006 kan yara masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, wasu sun zauna da kansu kafin wata huɗu, wasu sai bayan wata tara. Wasu sun yi tafiya a wata takwas, wasu sun kai wata 17 da ɗoriya. Kimanin huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe abinsu. Don haka uwar da ɗanta bai taka ba a wata 13 alhali na maƙwabta ya taka, ba ta da abin tayar da hankali.

Sai dai lokacin nan yana da iyaka, kuma iyakar ce ake mantawa. Yaron da wuyansa bai tsaya ba a wata huɗu, ko bai zauna ba bayan wata tara, ko bai taka ba a wata 18, a kai shi a duba. Haka wanda ba ya gwaranci ko waiwayawa in an kira sunansa a shekara ɗaya, ko ba ya haɗa kalma biyu a shekara biyu. Wanda kuma ya iya abu sannan ya daina, kamar magana ko zama, ba a jira da shi ko kaɗan. Bakwaini ana rage masa makonnin da ya rigaya kafin a yi masa wannan lissafi.

“Ai namiji ne, suna jinkirin baki.” Bambancin da ke tsakanin maza da mata ɗan kaɗan ne, bai isa ya zama hujjar shirun ɗan shekara biyu ba. Jin harshe biyu a gida, Hausa da Fulatanci ko Kanuri, shi ma ba ya hana magana. Abin da ma'aikatan jinya ke fara bincika shi ne kunne, domin yaron da ba ya ji sosai ba zai kwaikwayi magana ba, kuma shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe.

Sau da yawa asalin jinkirin yana komawa makon haihuwa. Gaskiya ne jarirai da yawa kan yi 'yar shawara a kwana na biyu ko na uku, ta wuce da kanta. Amma wadda ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko ta zo da ƙin kama nono, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko sandarewar gaɓoɓi. Shanya jariri a hantsi da ba shi ruwan gulukos ba sa maganinta. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa shi a ƙarƙashinta a asibiti. Kafur da ake sa wa cikin kayan jarirai ma yana tsananta ta ga wasu yara. Irin yaran nan ne daga baya ake cewa iska ta shafe su, a yi ta yawon neman taimako, alhali gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi tun da wuri na ƙara musu ƙarfi sosai.

Awo kuma ba ya ƙarewa ranar allurar ƙyanda, har shekara biyar ake son a riƙa kai yaro. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar da shi cikin mako biyu, ya ninka wajen wata biyar, ya ninka uku a shekara. Ido ba ya iya tantance wannan, sai katin awo. Kumatu ma suna yaudara, domin akwai tamowar da ke zuwa da kumburi, a zaci ƙiba ce. Shi ya sa malamar asibiti ke danna bayan ƙafafun yaro na daƙiƙa uku ta ga ko gurbin yatsa zai zauna, sannan ta zagaya damtsensa da tef mai launi uku. Daga wata shida zuwa shekara biyar, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, kuma a ranar ake fara magani.