Tsohon jirgi, sabon allo: abin da ke gaban matuƙi lokacin hazo

Makiyaya da 'yan kasuwar iyaka, ga taƙaitaccen bayanin shirin da muka gabatar daga nan Kodjoviakopé, bakin iyakar Aflao. Batun shi ne yadda ake sake wa tsofaffin jiragen sama kayan aikin da ke gaban matuƙi. Wani zai ce, to ina ruwan mai shanu da jirgi? Ai da ruwa. Duk wanda hazon hunturu ya taɓa hana jirginsa sauka a Kano ko Yamai, kaya na jira, kuɗin masauki na tafiya, ya san zafin abin. Haka ma maniyyacin da ya sayar da bijimi ya biya kujera.

A tsohon jirgi, gaban matuƙi cike yake da agogunan allura. Shida ne manya: na gudu, na tsawo daga saman teku, na hawa da sauka, na karkatar jirgi, na juyi, da na alkibla. Wasu da iska suke aiki, wasu da ƙarfe mai juyawa a ciki, kuma duk abin da ke juyawa yana cinyewa. A sabon tsari, kwamfuta ce ke tattara bayanan ta nuna su a allon gilashi, har da taswira. Ga misali: tsohon Boeing 747 mutum 3 ke tuƙa shi, amma samfurin 747-400 da ya fara aiki a 1989 mutum 2 sun isa, domin kwamfuta ta ɗauke aikin na ukun.

To me ya sa yanzu? Saboda hanyar saukar jirgi tana sauyawa. A da, idan hazo ya rufe, sai filin da ke da na'urar rediyo ta musamman a bakin titin sauka ne jirgi ke iya dogaro da shi. Na'urar tana da tsada, ƙananan filaye da yawa ba su da ita. GPS kuwa, irin na wayarka, shi kaɗai bai isa a saukar da jirgi cikin duhu ba, domin saƙonsa kan gurɓata a sararin sama, musamman a yankinmu na kusa da tsakiyar duniya. Maganin shi ne tashoshin ƙasa su auna kuskuren, su tura gyara ta tauraron ɗan'adam. Wannan tsari ake kira SBAS.

A nan Lome aka gwada shi. A watan Janairun 2021, hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jirage a Togo da Nijar da wasu ƙasashen Afirka, ta yi gwajin sauka a filin jirgin Gnassingbé Eyadéma da jirginta ƙirar ATR 42. Gyaran ya biyo ta tauraron Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba a 2011. Sai da aka ƙara wa jirgin na'urar karɓar saƙon kafin gwajin ya yiwu. Ka ga ke nan: saƙo yana sama, amma jirgin da ba shi da kunnen jinsa bai amfana da komai ba.

Shi aikin gyaran ba kamar sauya rediyon mota ba ne. Ana cire tsofaffin agoguna, a ja sababbin wayoyi, a dasa eriya, a sake lissafin nauyin jirgin. Sai hukuma ta duba ta sa hannu, ANAC a Togo, NCAA a Najeriya. Matuƙa su koma horo. Ana kuma barin 'yan agogunan ko-ta-kwana masu zaman kansu, don in allo ya mutu matuƙi kada ya makance. Kayan daga waje ake sayo su da kuɗin waje, kuma duk kwanan da jirgi ya yi a gareji ba ya kawo ko sisi. Shi ya sa wasu kamfanoni ke jan ƙafa sai doka ta matsa. A Amurka, tun 1 ga Janairun 2020, jirgin da ba ya sanar da inda yake da kansa ta na'urar ADS-B ba ya shiga mafi yawan sararin da ke da cunkoso.

Abu guda a riƙe: sabon allo ba ya mayar da inji sabo, kamar yadda sabon fenti ba ya gyara burkin motar shanu. Inji da fiffike suna da nasu binciken daban. Amfanin allon shi ne matuƙi ya san inda yake, ya ga tudu da wani jirgi tun da nisa, ya sauka lafiya a ranar da a da sai dai ya juya. Idan aka soke tashi saboda hazo, a yi haƙuri, matuƙin ya bi iyakar abin da kayansa da filin suka yarda masa ne. Allah Ya kai kowa gida lafiya.