Ina Ya Kamata Motar Asibiti Ta Jira?

Idan zuciyar mutum ta tsaya, duk minti ɗaya da ya wuce ba a kai masa ɗauki ba, damar tsirarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Saboda haka inda motar asibiti take jira kafin a kira ta ba ƙaramin al'amari ba ne. To amma rai ba abin gwaji ba ne. Babu mai janye motoci daga wata unguwa don ya ga abin da zai biyo baya. Shi ya sa ake gina garin a cikin kwamfuta, a yi gwajin a can.

Tun a 1969 E. S. Savas ya yi irin wannan aiki a unguwar Burukilin ta birnin Niyok, ya nuna cewa rarraba motoci kusa da inda kira ya fi yawa ya fi a jibge su a ƙofar asibiti.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na birnin Okland a ƙasar Niyu Zilan. A 1997 ƙungiyar agaji ta St John ta nemi taimakon jami'ar birnin, inda Shane Henderson da Andrew Mason suka haɗa manhajar BartSim. Ba su ƙirƙiri kiran bogi ba. Bayanan kiran da aka riga aka yi suka zuba mata, kowanne da lokacinsa da wurinsa, suka haɗa da taswirar tituna da yadda cunkoso yake sauyawa daga safiya zuwa dare. Sai a mayar da mota ɗaya wata tasha, ko a canza lokacin kama aiki, a sake maimaita ranakun da aka yi waɗannan kiran. A kan allo shugabannin ƙungiyar suna kallon motoci suna kai-komo, suna ganin unguwar da aka bari babu kowa a daidai lokacin da kira ya shigo.

Sai dai kwamfuta ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. A shekarun 1970 birnin Niyok ya dogara da lissafin cibiyar RAND wajen rufe wasu rundunonin kashe gobara, da yawansu a unguwannin talakawa irin su kudancin Buronkis. Masu bincike Deborah da Rodrick Wallace sun soki lissafin, suka ce ya auna saurin isar mota ne kawai, bai auna ko ma'aikatan da suka isa za su iya da wutar ba. Gobara kuwa ta cinye gidaje masu ɗimbin yawa a waɗannan unguwanni.