Sukuwa Da Tafiya Sannu: Maganar Batirin Waya

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni sai aka kai ni wata firamare a ƙauye kusa da garin Katagum, inda babu wutar lantarki. Wata rana na raba dare ina kallon ƙwallo a waya. Gari na wayewa ta mutu, ga shi kuwa dukan shirin darasina a cikinta ya ke. Ashe ran nan ne malamin da ke duba mu zai iso daga Azare. Kunyar da na sha gaban yara ba ta faɗuwa. Tun daga nan na dage sai na san abin da ke cinye caji. Ga abin da na samo, ko ya amfani 'yan'uwana ɗalibai.

Batirin wayoyin zamani na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1991, a 2019 kuma aka ba masana uku lambar Nobel saboda aikinsu a kansa. Ana auna cikinsa da mAh, yawancin wayoyin da ke hannunmu kuwa suna da 4,000 zuwa 5,000. Watau guzurin waya ƙayyadadde ne, sauran magana ta yadda za a ci shi ce.

A ɗauki waya kamar doki. Wanda ya tashi daga Azare za shi Katagum, in ya saki linzami tun daga ƙofar gari, lalle zai yi sauri, amma dokin zai gaji tun ba a yi nisa ba. In ya bi sannu, zai isa, sai dai a makare. Haka ƙwaƙwalwar waya ta ke. In tana aiki da dukan ƙarfinta, kome na buɗewa nan da nan, caji kuwa na zuba. In aka kunna tsimin batir, sai wayar ta rage gudunta, ta dushe haske, ta hana manhajoji aiki a ɓoye. Amma fa tsimin ba kyauta ba ne, gama saƙo ya kan makara, wayar kuma ta yi nawa.

Manyan masu cin caji uku ne. Na fari hasken fuskar waya, musamman cikin rana, inda ta kan ƙure haskenta. Na biyu bidiyo da wasanni. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, watau raunin sabis. In waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfi tana nema, kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Shi ya sa cajin da ya wuni da kai a Azare ba ya kai la'asar a ƙauye. In ba ka jiran kira, kashe data, ko ka sa ta a yanayin jirgin sama.

Sa'an nan batir na tsufa. Yawanci bayan cikawa da ƙarewa wajen sau 500, abin da zai riƙe bai wuce kashi 80 cikin 100 na dā ba. Zafi ne ke gaggauta tsufan nan. Masu ƙera waya suna gargaɗi kada ta zauna inda zafi ya wuce digiri 35, mu kuwa nan a watan Afrilu ya kan haura 40. Saboda haka kada a yi caji ƙarƙashin matashi, ko a bar ta a rana wurin mai caji, ko a riƙa wasa da ita tana jone. Ya fi kyau kuma a jona ta tun tana kashi 20, kada a bari sai ta mutu.

To, wanne za a zaɓa, ƙarfi ko tsimi? Amsa ita ce a dubi tafiyar da ke gaba. Ranar da akwai wuta a makaranta, ko za ka nuna wa aji bidiyo, saki linzami. Ranar da za ka ƙauye, kunna tsimi tun da safe cajin na cike, kada ka jira sai ya yi ja. Ni kuwa yanzu, ban da wannan duka, na kan kwafe darasina a littafi.